Masu Ɗora Inji: Yadda Kanikanci Ya Shiga Fadamun Jega

Da zarar ruwan Gulbin Zamfara ya fara janyewa daga fadama, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, wanda aikinsa ke fara tashi a ƙasar Jega ba manomi ba ne, bakanike ne. Kafin a ja fangali, kafin a dasa albasa ko a zuba irin shinkafar rani, sai an fiddo injin ban-ruwa daga lungun da ya yi damina, a kakkaɓe shi, a ɗaure a bayan babur. Daga Birnin Malam, daga Kimba da Gindi, daga ƙauyukan Aliero da na Maiyama, wuri ɗaya ake nufa: rumfar mai gyara. Wani injin tsohon fetur ne ya daskare masa a kafireta. Wani ringi ne ya cinye, sai hayaƙi yake tuttulowa. Wani kuwa ya riga ya ci zamaninsa, famfon ne kawai ke da sauran rai, sai dai a sauke injin a ɗora wani.

Ɗorawar kanta ba wani abin wahala ba ne. 'Yan notuna ne a ƙasa, 'yan kaɗan a jikin famfo, yaron shago ma zai iya. Inda ake gane oga da yaronsa shi ne abin da ke biyo baya: wata siririyar sandar ƙarfe da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, da sifirin guda biyu, waɗanda ke tsakanin totur da kafireta. In an saita su daidai, inji zai wuni yana zuba ruwa da murya ɗaya. In an kuskure da milimita biyu ko uku, ko dai ya riƙa haki yana tashi yana faɗuwa, ko ya kwasa da gudu har ya fasa kansa.

Sana'ar nan ba ta da tsufa irin na ƙira ko rini. Yawancin abin da ya gina ta ya faru ne daga shekarun 1980 zuwa yau, kuma ba wata makaranta da ta yaye ta. Amma ƙasar da ta tsiro a kai tsohuwa ce.

Jega gari ne da kasuwa ta raina. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen 1820, bayan rikicin Kware da ya yi sanadin rasuwar mahaifinsa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, matattarar fatake daga kudu da arewa. Har yau mararraba ne: hanya ɗaya ta bi ta Aliero da Tambuwal zuwa Sakkwato, ɗaya ta nufi Birnin Kebbi, ɗaya ta gangara kudu ta Maiyama da Koko zuwa Yauri. Duk abin da ya shigo yankin, daga goro zuwa fulogi, da wuya bai yada zango a Jega ba.

A wancan zamanin mai lambu da jigo yake ban-ruwa. Gwafanni biyu a bakin rijiya ko gaɓar gulbi, a gitta sanda, a ɗaura doguwar gora a kai. Curin laka a ƙarshe ɗaya, guga ko ƙwarya a ɗaya ƙarshen. Mutum zai tsaya tun sanyin asuba yana dannawa yana sakewa, ruwa na bin 'yar magudana zuwa fangali. Jigo ba ya neman bakanike, domin duk abin da ya lalace a jikinsa akwai irinsa a daji. Illarsa ita ce ƙarfin mutum ɗaya shi ne iyakar gonarsa. Lambun jigo ɗan fili ne, abin da zai ba gida kayan miya da ɗan na kai wa kasuwa.

Masu mulki sun daɗe suna ganin wannan fadama suna haɗiyar yawu, kuma kullum tunaninsu babban ƙarfe ne. A ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 gwamnatin Turawa ta kawo manyan taraktoci su riƙa huɗa fadamun lardin Sakkwato don noman shinkafa, manomi ya biya kuɗin aiki. A daidai lokacin aka buɗe wani gagarumin shirin noman inji a Mokwa, a 1949, aka nannaɗe tabarmarsa a 1954: saiwoyi na karya garma, kayan gyara sai an jira jirgin ruwa daga Ingila, ga ciyawa kuma tana nan tana jiran fartanya, don tarakta huɗa ta iya, ba noman ciyawa ba. Bayan samun 'yanci aka ci gaba a kan wannan turba. Aka kafa sassan hayar tarakta a ma'aikatun gona, aka yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka yi na juyin noma na Shagari a 1980, aka harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano. Aka gina madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, daga baya ta Goronyo.

Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne, ƙarfen ba na manomi ba ne. Na hukuma ne, direbansa ɗan albashi ne, makanikinsa yana hedikwata. Ranar da wani ɗan abu ya karye, sai a jingine tarakta a harabar ofis, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta.

Canjin da ya kama ƙasa ta wata ƙaramar ƙofa ya shigo. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara shirye-shiryen raya noma da Bankin Duniya ke tallafa wa a Funtuwa, Gusau da Gwambe, kuma a farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa su suka game jihohi, ciki har da tsohuwar Jihar Sakkwato da hukumarta SARDA. Farin 1983 da 1984 ya sa kowa ya sake duban fadama. Ma'aikatan waɗannan hukumomi a Kano, Bauchi da Sakkwato suka lura da abin da masu jigo suka daɗe da sani, wato a ƙarƙashin fadama ruwa na kwance kusa-kusa. Sai suka yaɗa dabaru biyu masu araha. Inda ƙasa yashi ce, a harba ruwa da ƙarfi ta cikin bututu, shi da kansa zai yi ta nutsewa, cikin 'yan sa'o'i an sami rijiya. Inda akwai laka mai tauri, a kawo ƙaramin injin haƙa. A bakin kowace rijiya kuma a ajiye famfo mai bakin inci 2 ko 3, wanda ƙaramin injin fetur ke juyawa.

Irin wannan famfo ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8, komai ƙarfin injinsa, shi ya sa a ƙarshen rani za a ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injin ciki, yana bin ruwa ƙasa. Amma a cikin wannan iyaka aikinsa abin mamaki ne. Mai inci 2 kan zuba kimanin lita 600 a minti ɗaya, mai inci 3 ya haura lita 1,000. Mai jigo zai yi gumi sosai kafin ya ɗebi abin da injin ke zubarwa kafin a gama gaisawa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991 ta kafa tata hukumar, KARDA. A 1992 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 67.5 don shirin Fadama na farko, da burin haƙa ƙananan rijiyoyi 50,000, kuma Kebbi na cikin jihohin da aka fi mai da hankali a kansu. Fadama na biyu ya biyo baya a 2004, na uku bayan 'yan shekaru. Albasar Aliero, wadda yau manyan motoci ke kwasa zuwa Legas da Fatakwal da ƙasashen maƙwabta, ta amfana da wannan zamani ƙwarai. Wannan karon ƙarfen na manomi ne, mutum biyu za su ɗaga shi, kuma in ya tsaya, albasarsa ce za ta bushe, ba ta hukuma ba. Mai irin wannan damuwa ba ya jiran takarda daga hedikwata. Wanda ya iya riƙe sifana mafi kusa da shi zai nema.

To su wa ya tarar? Kashi biyu ne. Akwai masu gyaran injin niƙa, waɗanda suka yi wayo a kan Lister, injin dizal na garin Dursley a Ingila, mai manyan ƙafafun juyi biyu, wanda aka fara ƙerawa wajen 1930. Ƙarfin doki 6 ne da shi, yana juyi 650 kacal a minti, a natse, ana iya ƙirga bugunsa da kunne. Daga baya kamfanonin Rajkot a Indiya suka cika kasuwa da irinsa. Sai kuma masu gyaran babur, yaran zamanin Honda da Suzuki da Yamaha, waɗanda suka san fetur da fulogi da kafireta kamar yunwar cikinsu. Daga haɗuwar waɗannan biyu sana'ar gyaran injin ban-ruwa ta fito, kuma kowannensu ya zo da abin da ya sani da abin da sai ya sake koyo.

Injunan farko na Japan ne. Akwai Robin EY20 na kamfanin Fuji Heavy Industries, mai ƙarfin doki 5, wanda tsofaffin manoma ke yabo har gobe saboda juriya. Akwai na Yamaha. A 1983 Honda ta fito da jerin GX, masu kwantacciyar silinda da bawul a sama, kuma ɗaya daga cikinsu, GX160, ya zama abin da duniya ta kwaikwaya. Sai ga 1986, gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Wanda ya sayi famfo da rangwame jiya, yau ba zai iya sayen sabo ba. Nan ne aka koyi haɗa matattun injuna biyu a fitar da rayayye ɗaya, a ciro kafireta daga wannan, karanshaf daga wancan, a bi 'yan gwangwan ana tonon abin da suka tara. Ɗora inji a kan jikin da ba nasa ba ya samo asali ne daga talauci, kafin ya zama gwaninta.

Daga shekarun 2000 kuma sai Sin ta shigo. Masana'antun Chongqing, irin su Lifan, Loncin da Zongshen, da ɗaruruwan ƙanana da ba a san sunansu ba, suka riƙa fitar da kwafin GX160 da GX200 a ƙarƙashin lambar 168F, da fenti kala-kala da sunaye iri-iri a jikin tanki. Farashi ya faɗi har ya zama sau da yawa sayen sabon inji ya fi gyaran tsohon sauƙi. Robin kuwa kamfaninsa ya daina ƙera irin waɗannan injuna a 2017, ya bar dubban famfuna masu ƙoshin lafiya da ba su da sabon inji na asali.

A ka'ida kayan 168F duk suna shiga juna, kuma suna shiga na Honda. A aikace kusan haka ne, kuma a cikin wannan kusan ne bakanike ke cin abinci. Ramin da ke kan hannun kafiretar wannan kamfani ya ɗan matsa gefe. Sandar wancan ta fi tsawo kaɗan. Sifirin ɗin wani ya fi tauri. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma duka a wuri ɗaya suke taruwa.

Domin a gane dalili, sai an san wani abu da yakan ba mai gyaran babur mamaki a ranarsa ta farko. A babur, in ka murɗa totur, waya ce ke jan maƙogwaron kafireta kai tsaye. Hannunka ne ke mulki. A injin ban-ruwa ba haka ba ne. Hannun totur ba ya taɓa kafireta ko kaɗan, sifirin kawai yake ja. A can cikin inji, cikin baƙin mai, akwai wani ɗan giya mai ɗauke da ƙananan ƙarafa masu nauyi, shi ake kira gwamna. In inji ya yi sauri, ƙarafan sai su buɗe, su tura wani ɗan sanda da ya leƙo waje, shi kuma ya juya wani hannu, hannun ya ja siririyar sandar nan ta rufe maƙogwaro. Sifirin na ja wajen buɗewa, gwamna na ja wajen rufewa, inda ƙarfinsu ya yi daidai nan gudun inji ke tsayawa. In famfo ya kama ruwa nauyi ya ƙaru, gudu ya ragu, sifirin ya rinjaya, maƙogwaro ya buɗe. In mesa ta zuƙi iska nauyi ya tafi, gwamna ya rinjaya ya rufe, kafin mai gona ya taso daga inuwa. Dabarar ta girmi fetur: James Watt ya sa irinta a injin tururi a 1788, shi ma daga masu injin niƙan hatsi ya aro ta.

Saitin, a hannun wanda ya iya, bai fi minti biyar ba, kuma da inji a kashe ake fara shi. Sau da yawa sai an ɗage tanki, don abin a ƙarƙashinsa yake. Bakanike zai sassauta notin da ya matse hannun gwamna a kan ɗan sandarsa. Da yatsa ɗaya zai tura hannun har maƙogwaron kafireta ya buɗe iyakar buɗewa, ya riƙe shi a nan. Da filaya a ɗaya hannun zai kama kan ɗan sandan, ya juya shi ta wannan fuskar har ya ji ya tokare. Sa'an nan ya ɗaure notin ba tare da ko ɗaya ya motsa ba, wanda shi ne wurin da yara ke faɗuwa, domin aikin na son hannu uku. Daga nan zai karkaɗa sandar da yatsa ya ji ko tana tafiya sumul, ba ta gogar tanki ko gidan iska. Zai duba ƙaramin sifirin mai kama da zare da ke nannaɗe da ita, wanda aikinsa kawai ya cinye lakon da ke cikin ramuka. In babu shi inji zai yi ta rawar murya. Sai a ja igiya. In ya ɗumama, a saita silo wajen juyi 1,400 da sukurun jikin kafireta, a saita iyakar sama wajen 3,600 da sukurun da ke tare hannun totur.

Ƙasar Aliero ta yi suna da masu ɗori, waɗanda ake kawo wa karaya daga nesa, kuma aikin nan da nasu ɗan uwa ne: ba sabon abu ake ƙerawa ba, gaɓa biyu ake mayarwa mazauninsu, a ɗaure kafin su goce.

Lambobin juyin nan, 1,400 da 3,600, na cikin littafin kamfani ne. A rumfa da kunne ake aunawa, don ba kowa ke da agogon ƙirga juyi ba. Kunnen tsohon bakanike abin girmamawa ne. Yana jin inji daga nesa zai ce ƙaramar ƙofar mai ce ta toshe, ba gwamna ba ne, kuma yawanci ya yi gaskiya, domin hakin da datti ke jawowa da wanda mummunan saiti ke jawowa kusan murya ɗaya ne. Yaro marar haƙuri zai yi ta lanƙwasa sanda alhali allura da ɗan fetur ne maganin. Amma kunne na da iyaka, kuma bambancin 3,600 da 4,000 ba kullum yake fitowa fili a cikin hayaniyar kasuwa ba.

Ga kuma matsin mai kaya. Manomi ya zo da rana tsaka, albasa na jiran ruwa, abin da zai ce bai wuce, "Malam, ƙara mishi wuta," ba. Wani ma ba ya zuwa. A gona zai sami guntun waya ko robar tayar keke ya ɗaure hannun gwamna a buɗe, ko ya matsar da sifirin zuwa rami na gaba. Ruwa kuwa zai ƙaru, ido na gani. Abin da ido ba ya gani shi ne lissafin famfo: ruwan da yake fitarwa na ƙaruwa daidai da gudu, amma ƙarfin da yake ci na ninkuwa fiye da haka nesa. Ƙarin gudu na kashi 10 cikin 100 na neman ƙarin ƙarfi na kusan kashi 33. Fetur ne ke biyan wannan. Ranar da mesa ta zuƙi iska kuma, babu mai rufe maƙogwaro, kwanrod na alminiyam ne, sai a ji ƙara ɗaya, ya fasa gefen inji ya leƙo. Rabin injunan da ake sauyawa ba tsufa ne ya kashe su ba, in ji masu zolaya a rumfa, mai su ne. Ko da zolaya ce, bakanike na gari ya san wani ɓangare na aikinsa shi ne ya ƙi yin abin da aka ce ya yi, ya kuma san yadda zai faɗa wa dattijon da ya haife shi.

Wani tarkon shi ne injin janareto. Tunda rashin wuta ya cika gari da ƙananan janaretoci, matattunsu sun yi yawa, kuma da yawa kan wutar ne ya ƙone, injin lafiya lau. A ido shi da na famfo uwa ɗaya uba ɗaya. Sai an kwance za a ga bakin karanshaf ɗinsa a fiƙe yake, na famfo kuwa zare gare shi, don haka sai an buɗe ciki an musanya. Ba shi da hannun totur, domin an yi shi ne ya tsaya a juyi 3,000, abin da wutar ƙasar nan ke buƙata. In aka ɗora shi haka, famfo zai yi ta aiki a kasale, mai gona ya yi ta zargin rijiya. Sai an kawo farantin totur da sifirin na injin famfo an dasa masa, an sake saiti daga farko.

Taraktar da ta gagari hukuma a ƙarshe ta dawo fadama, amma a ƙanƙance. A watan Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Jihar Kebbi, shinkafar rani ta bunƙasa, masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suka buɗe baki suna jiran shanshera. Tare da wannan injin huɗa mai ƙafa biyu, wanda mutum ke bi a baya yana riƙe da ƙahonni, ya yawaita. Asalinsa na gonakin shinkafar Asiya ne, kuma yawanci injin dizal na Sin mai silinda ɗaya ke jan sa, dangin S195, mai ƙarfin doki 12 da juyi 2,000, irin wanda ya riga ya kori Lister daga gidajen niƙa da yawa. Zamansa a kan dogo biyu yake, bel ne ke haɗa shi da giya, don haka sauke shi a ɗora wani abu ne na yau da kullum. Akwai mai sauke shi da damina ya kai shi injin niƙa ko na sussuka, rani ya mayar.

Nan ma wurin tuntuɓen bai canza ba. Wayar totur tana tasowa daga ƙahon da mai huɗa ke riƙe da shi ta zo hannun gudu a jikin inji. In sabon injin ya zauna gaba ko baya da ɗan kaɗan don bel ya yi tauri, wayar ta gajarta ko ta yi lako. Ta gajarta, inji ba zai sauka ba, ba zai mutu ba in an so kashe shi, kuma injin huɗa da ya ƙi tsayawa a bakin kunya ba abin wasa ba ne. Ta yi lako, ba zai kai ƙarfinsa ba, sai ya yi ta baƙin hayaƙi a cikin taɓo. In kuma aka ɗora S1100 mai juyi 2,200 a gurbin S195, sai an duba girman fuli, in ba haka ba mai huɗa zai wuni yana sassarfa a bayan abin da ya kamata ya bi a tafe. Masu injin niƙa sun riga kowa sanin wannan darasi, tun ranar da suka cire mai juyi 650 suka sa mai ninkinsa uku.

A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, inda ake koyar da lissafin duk waɗannan abubuwa a kan allo. A rumfa kuwa tsarin koyo bai sauya ba. Yaro zai fara da wanke kaya a cikin fetur da jan igiya, ya kai ga fulogi da canjin baƙin mai, ya kai ga kwance kafireta ya mayar ba tare da ragowar sukuru ba. Notin gwamna shi ne kusan na ƙarshe da oga ke bari ya taɓa, don shi ne kuskuren da ake biya da inji sukutum. Wanda ya ƙware yakan sayi babur ya riƙa bin fadama da jakar kayan aiki, inda gyara ya fi tsada saboda gaggawa, biya kuma wani lokaci sai an cire albasa.

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Ga mai shinkafar rani, wanda injinsa ke aiki kusan kullum na tsawon watanni, wannan ya taɓa jijiya. Mafita ta farko da ta bazu ita ce iskar gas ta girki: a cire kafireta a sa wata mai shan gas da fetur, a ja tiyo zuwa tukunya. Aikin ya faɗo hannun kanikawan nan kai tsaye, kuma da tsohuwar matsalarsa, domin sabuwar kafireta na nufin sabon rami, sabon lako, a sake sassauta noti a tura hannu a juya sanda.

Mafita ta biyu ba ta bi ta rumfarsu ba. Famfo mai aiki da hasken rana, wanda gwamnatin jihar ta raba wa manoma wasu kuma suka saya da kuɗinsu, ba shi da fistin, ba shi da gwamna. Wani ɗan akwatin lantarki ne ke daidaita gudunsa gwargwadon ƙarfin rana. In ya lalace mai gyaran wuta ake nema, kuma wasu yaran shago sun fara sayen mita suna koyon bin waya. Sai dai ba ya aiki da dare, yana rage ƙarfi in hazon hunturu ya yi kauri, kuɗin sayensa kuma ya ninka na injin fetur sau da yawa. Shi ya sa manomin da ya samu ma bai cika sayar da tsohon injinsa ba, yana ajiye shi don ranar da shinkafa ta fara ciki ba ta jiran gari ya washe. Injin huɗa, da na niƙa, da na sussuka kuwa har yanzu dizal suke sha, kuma kowace kaka ana sauke wasu ana ɗora wasu.